Yadda Tsohon Sojan Amurka da Ke Zaune a Gana Zai Nemi Cikakken Kuɗin Nakasa Idan Aiki Ya Gagare Shi

Duk wanda ya san Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san gidajen da ɗansu ya ci bizar caca ya tafi Amurka, ya ɗan taɓa aikin sito ko tuƙin tasi a Bronx, daga baya ya shiga soja don neman karatu ko takardar zama ɗan ƙasa. Wasu an kai su Iraƙi, wasu Afganistan, wasu Kuwait ko Jibuti. Cikinsu akwai waɗanda suka tattaro suka dawo gida. Unguwa na kiransu boga, ana ganinsu fes-fes ana zaton dala na zuba, ba a san mutum rabonsa da barcin awa uku a jere tun yana cikin kaki ba, ko bayansa ba ya barinsa ya kai raka'a biyu a tsaye.

Yayana, ɗan wan mahaifina, yana cikinsu. Ya gwada tuƙi, ya gwada gadi, ya gwada zaman shago, kowanne sai jiki ya kore shi. Ni na zauna da shi a kan takardunsa wata da watanni, kuma abin da na koya a zaman nan shi zan shimfiɗa. Tun farko in faɗa: wannan bayani na wanda ya yi sojan Amurka ne. Wanda ya yi sojan Gana, ƙofarsa hukumar tsofaffin sojoji ta ƙasa ce, VAG, wadda doka mai lamba 844 ta 2012 ta kafa. Wanda ya yi na Ingila shi ma tsarinsa daban. Kakanninmu da suka dawo daga yaƙin Bama sai da suka yi tattaki zuwa fadar gwamna a Osu ranar 28 ga Fabrairu 1948 a kan haƙƙinsu, har aka harbe uku daga cikinsu. Namu tattakin yanzu a kan takarda ake yinsa, kuma shi ma yana da wuya.

Me ake nema?

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka, wadda kowa ke ce wa VA, tana auna kowace lalurar da aikin soja ya jawo da kaso, daga 0 zuwa 100, goma-goma. Kuɗin wata yana bin kason. To akwai mutumin da kasonsa ya tsaya a 70, amma a zahiri ba ya iya riƙe kowane aikin kirki. Don irinsa aka yi tsarin da ake kira TDIU: kasonka yana nan yadda yake a takarda, amma a riƙa biyanka kuɗin mai 100. A 2025, tsohon soja shi kaɗai ba iyali yana karɓar dala 1,759.19 a wata idan kasonsa 70 ne, mai 100 kuma dala 3,831.30. Ka juya bambancin zuwa sidi ka gani. Ana ɗan ƙara kuɗin kusan kowace Disamba gwargwadon tsadar rayuwa, kuma gwamnatin Amurka ba ta cire haraji a kai.

Ba sharaɗi ba ne sai kana zaune a Amurka, ba sharaɗi ba ne sai kana da fasfonta. Abin da ake dubawa shi ne ka yi aikin, kuma ba korar wulaƙanci aka yi maka ba.

Abin da za ka yi yau, kafin komai

Ka shigar da takardar bayyana niyya, fom mai lamba 21-0966. Ba ta buƙatar shaidar likita ko ɗaya. Amfaninta shi ne ta kafa maka rana: daga ranar da VA ta karɓe ta kana da shekara guda cur ka kammala buƙatarka, kuma idan aka amince, yawanci daga wannan ranar za a lissafa maka bashin baya. Mu mun yi kuskure a nan. Mun ɓata watanni muna tara takardu don mu kai komai a kammale, ashe kowane wata da ya wuce kuɗi ne ya bi ruwa. In ka fara cike buƙatar a shafin VA.gov, wannan farawar ma tana zama bayyana niyya.

Don shiga shafin kana buƙatar asusun ID.me ko Login.gov. Ga wanda ke wajen Amurka, ID.me ne ya fi dacewa, don ana iya tantance ka ta kiran bidiyo. Ka tanadi fasfo da lambarka ta Social Security, ka cika wayarka da caji da data, ka zauna inda akwai haske. Kada ka fara a daren da ka san ana iya ɗauke wuta. Kuma lambar sirrin nan taka ce kai kaɗai. Yaron kafe ba ya cikin waɗanda ake ba wa.

Ɗauko wasiƙar hukuncinka, ka yi lissafi

Ƙa'idar samun TDIU ta kasu biyu. Ko dai kana da lalura guda da aka ba ta kaso 60 ko fiye, ko kana da biyu zuwa sama, ɗaya a cikinsu ta kai 40, jimillarsu kuma ta kai 70.

Jimillar nan ce ke rikita mutane, don VA ba ta tarawa irin tarawar kasuwa. Tana ɗaukar mutum a matsayin lafiyayye ɗari bisa ɗari, kowace lalura ta ci rabonta daga abin da ya rage. A ce firgicin yaƙi an ba shi 50, ciwon baya 30. Hamsin ta tafi, saura hamsin. Kashi 30 cikin ɗari na hamsin ɗin nan 15 ne. Ka samu 65, sai a kai shi goma mafi kusa, ya zama 70. Wannan ya shiga. Amma mai 40 da 30 da yake ganin yana da 70, lissafinsa 58 ne, wato 60, bai kai ba tukuna. In ya ƙara da wata lalura mai 20 sai ya tashi 66, ya zama 70.

Akwai sassauci da mutane da yawa ba su sani ba. Lalurorin da suka fito daga tushe guda, ko haɗari guda, ko suka shafi sashe guda na jiki kamar ƙashi da gaɓoɓi, ko aka same su a fagen fama, ana iya haɗa su a ɗauke su lalura ɗaya wajen neman 60 ɗin ko 40 ɗin. Wanda bam ya tashi da motarsu ya samu ciwon baya da gwiwa da kunne a rana guda, ya duba wannan da kyau. Wanda kuma lissafinsa bai kai ba ko ta yaya, ƙofa ba ta rufe ba: doka ta yarda a tura fayil ɗinsa ga daraktan sashen biyan diyya a duba shi a keɓe. Hanyar ta fi tsawo, kuma tana son hujja mai ƙarfi.

Idan ba ka taɓa neman komai a VA ba, ko kana da ciwon da ba a taɓa sa shi a lissafi ba, sai ka haɗa da fom 21-526EZ. Nan abu uku ake so: ciwon da likita ya tabbatar yanzu, abin da ya faru da kai a bakin aiki, da maganar likita cewa yiwuwar wancan ne ya jawo wannan ta kai rabi ko ta fi. Ciwon da wani ciwon soja ya haifa shi ma yana shiga, kamar gwiwar da ta karkatar da tafiya har ƙugu ya lalace. Waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afganistan da maƙwabtansu, dokar PACT ta Agusta 2022 ta sauƙaƙa musu: asma da ta bayyana bayan aiki, da ciwon hanci mai naci, da wasu nau'o'in kansa, ana ɗauka aikin ne ya jawo su ba sai ka kawo hujjar alaƙa ba. Takardar sallamarka, DD214, in ta ɓace a ƙaura, ana neman kwafinta daga ma'ajiyar bayanan sojoji da ke St. Louis da fom SF-180.

"Ba ni da aiki" daban, "ba na iya aiki" daban

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan mutanenmu suka fi faɗuwa. VA ba ruwanta da cewa aiki ya yi wuya a Akra, ko kasuwa ta mutu, ko masu digiri ma suna zaune a bes suna shan ataya. Ba ta duba shekarunka. Ba ta lissafa ciwon da ba na soja ba, ko da shi ya fi damunka. Tambayarta guda ce: lalurorin da ta riga ta amince da su, su kaɗai, sun hana mutumin nan, da irin karatunsa da sana'ar da ya iya, riƙe aikin da zai ci da kansa?

Don haka duk inda za ka rubuta dalili, kada ka ce "na nemi aiki ban samu ba". Ka faɗi abin da jiki ko ƙwaƙwalwa ta hana ka. Na bar tuƙi saboda ba na iya zama minti talatin ƙafata ba ta mutu ba. An sallame ni daga gadi saboda ƙarar knockout, wato wasan wuta, ta sa na kwanta ƙasa ina ihu a gaban mutane. Irin wannan.

Ba a ce dole sai ka zama ba ka taɓa ko sisi ba. Akwai abin da dokar ke ɗauka ɗan taɓa-ka-lashe: aikin da abin da yake kawowa a shekara bai wuce ma'aunin talauci na mutum guda da hukumar ƙidayar Amurka ke fitarwa ba, wanda a 2023 ya ɗan haura dala 15,000. Haka aikin da ake yi a inuwar dangi, kamar shagon ƙaninka da kake zuwa ran da ka iya, ka tashi lokacin da ka ga dama, ana haƙuri da kai don zumunci. Irin wannan ba ya hana ka nema. Amma ka rubuta shi. Mai kiyos ɗin Momo na tura kuɗi ta waya, ko pragya (babur mai ƙafa uku) biyu da yara ke ja masa, ya faɗa, ya bayyana wane ne ke yin aikin a zahiri da abin da ke shigowa. Ɓoyewa laifi ne a dokar Amurka, kuma in ta fito za a ce ka mayar da abin da ka ci.

Shaidar likita, inda aikin yake

Mu mutanen zango muna da hanyoyin jinyarmu. Baya ya motsa, a aiki yaro kemis ya sayo maganin zafi. Barci ya ƙi, a je wurin malam a yi ruƙiyya, a sha rubutu. Ƙafa ta kumbura, a nemi mai ɗori ko mai sassaƙe. Ban raina ko ɗaya ba, a kansu aka raine mu. Sai dai babu wanda ke barin takarda, kuma ma'aikacin da ke karanta fayil ɗinka a Amurka abin da ke rubuce kaɗai yake gani. In ya ga shekara uku ba ka je asibiti ba, abin da zai fahimta shi ne ka warke.

Saboda haka ka koma asibiti, ka riƙa zuwa a kai a kai, ba sau ɗaya ba. A Akra akwai asibitin sojoji na 37 da Korle Bu da Ridge, a Kumasi akwai Komfo Anokye. Wanda damuwarsa ta ƙwaƙwalwa ce, akwai asibitin masu taɓin hankali na Akra da na Pantang, manyan asibitocin nan ma suna da sashen. Na san abin da ke zuwa ran mutum in an ambaci Pantang. Yayana sai da ya ce mini, "Kai yanzu mahaukaci ka mai da ni?" Na ce, "Yaya, ba wanda ya ce haka. Amma Inna ta ce kullum da dare tana jin ka kana zagaya tsakar gida kana duba ƙofofi." Ya yi shiru. Bayan sati biyu shi da kansa ya ce in raka shi, da sharaɗin mu fita kafin gari ya waye. Ciwon ƙwaƙwalwa a ma'aunin VA yana iya samun 30, 50, 70 har 100, alhali ƙarar kunne da kowa ke saurin faɗa ba ta wuce 10. Wanda kunya ta sa ya ɓoye babban ciwonsa, ya bar mafi yawan haƙƙinsa a ƙasa.

Wata sa'a da muke da ita a Gana: foldar asibiti da Turanci ake rubuta ta, ba sai an nemi mai fassara ba. Ka nemi kwafin komai, sakamakon hoto da na jini da takardun magani, ka ɗauke su a waya ka kuma adana a leda. Akwai fom 21-4142 da ke ba VA izinin neman bayananka daga asibiti da kanta, amma ni shawarata kada ka dogara da wasiƙar da za ta taso daga Amurka ta nemi folda a ɗakin ajiya. Ka je da ƙafarka ka karɓo.

Sai wasiƙar likita. Yawancin likitocinmu in ka ce su rubuta maka, layi uku za su yi: wane yana fama da ciwon baya, muna duba shi, a taimaka masa. Wannan ba ta motsa komai. Ka roƙe shi da ladabi ya faɗi sunan ciwon, tun yaushe yake ganinka, sannan ya shiga abin da ciwon ya hana: minti nawa kake iya zama, minti nawa a tsaye, kilo nawa kake ɗagawa, kwana nawa a wata ciwon ke kwantar da kai, ko maganin na sa ka gyangyaɗi, ko kana iya zama cikin mutane da karɓar umarni ba faɗa. Ya taɓo aikin zama ma, don abin da aka fi cewa wajen ƙin buƙata shi ne mutum zai iya aikin ofis. In ba za ka iya ba, likita ya faɗi dalili. Ta kasance a takardar asibiti mai tambari, da sa hannu da hatimi. VA tana kuma da fom-fom na musamman ga kowane irin ciwo, ana kiransu DBQ, ana sauke da yawansu daga shafinta, kuma likitanka na nan zai iya cikewa.

Kuɗin asibitin fa? Ka yi rajista da shirin FMP da fom 10-7959f-1. Shiri ne da ke biyan kuɗin jinyar lalurorin da VA ta amince da su ga wanda ke ƙasar waje. Sau da yawa kai za ka biya sannan ka tura rasit a mayar maka, don haka rasit ko na allura ɗaya ne kada ka yar.

Fom 21-8940 da 'yan rakiyarsa

Wannan shi ne ainihin fom ɗin TDIU. Gajere ne, amma kowane layi da nauyinsa. Zai tambaye ka wace lalura ce ta hana ka aiki: ka rubuta waɗanda VA ta amince da su ko waɗanda kake nema yanzu, kada ka cusa hawan jinin da ba a taɓa dangantawa da soja ba. Zai tambayi ranar da ka daina cikakken aiki da ranar da ciwon ya gagare ka, da ayyukan da ka yi a shekaru biyar na ƙarshe da ka yi aiki, da awowi da albashi da kwanakin da ka rasa saboda ciwo, da iyakar karatunka. Ka zauna da kalanda da tsofaffin saƙonnin Momo ka daidaita ranakun, don ranar da ka rubuta a nan in ta saɓa da wadda ke foldar asibiti, sai an tambaya. Albashin sidi ka rubuta shi a fili cewa sidi ne, kada a karanta 3,000 a zaci dala.

Fom 21-4192 kuma wanda ka yi wa aiki na ƙarshe ne zai cike: yaushe ka fara, yaushe ka bari, me ya sa, wane sassauci aka yi maka. Kamfani mai ofis ba matsala. Amma da yawanmu aikinmu na baki da baki ne, Alhaji ya ba ka mota, kuna lissafi da yamma. To ka kai masa fom ɗin ka karanta masa, ka nuna masa ba maganar haraji ba ce, ba kuma ƙararsa ka kai ba, don abin da yake tsoro ke nan. In direba ne kai, wasiƙa daga shugaban tasharku na ƙungiyar direbobi ta GPRTU tana ƙara nauyi. In mai aikin ya rasu ko ya ƙi, ka rubuta bayanin hakan a fom 21-4138 ka tura. Kada rashin wannan takarda ya tsayar da kai.

Sannan shaidun gida, a fom 21-10210. Matarka, mahaifiyarka, abokin aikinka, limamin masallacinku da ya ga ka koma salla a kan kujera. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, da lokaci da misali. Ba a son yabo, ba a son "mutumin kirki ne, a tausaya masa", ba a kuma son su zama likitoci. Wadda ba ta Turanci ta faɗa da Hausa a fassara mata, a karanta mata ta yarda kafin ta sa hannu.

Turawa ta intanet ta fi, ko a VA.gov ko ta QuickSubmit, shafin VA na ɗora takardu, don nan take kake samun shaidar an karɓa. Mai son gidan waya, cibiyar karɓar takardun tana Janesville a jihar Wisconsin, adireshin na jikin fom. Kwafi ake turawa, asali na zama a gida.

Ranar gwaji

Bayan an karɓa, galibi za a sa maka ranar ganin likitan da VA ta ɗauka ta hannun kamfanin kwangila. Ta imel ko waya za su neme ka, don haka lambar da ka bayar ta zama mai aiki, kuma in ka ga baƙuwar lamba daga waje kada ka ce 'yan damfara ne ka kashe. Ka riƙa leƙa VA.gov duk mako, saboda wasiƙar takarda tana iya isowa bayan wa'adin da ke cikinta ya wuce, kuma sau da yawa kwana 30 ake bayarwa a amsa. Rashin zuwa gwaji ba da uzuri ba yana iya sa a ƙi buƙatar kai tsaye. In ranar ba ta yi maka ba, ka kira tun da wuri a sauya. Wanda ke Kumasi ya shirya, tana yiwuwa a ce ya gangaro Akra.

Yanzu ga abin da na fi so a ji. An yi mana tarbiyya cewa in an ce "yaya jiki?" sai ka ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da kana mutuwa. Ga kuma tarbiyyar bariki a kai, wadda ta ce soja ba ya raki. Likitan nan abin da ka faɗa shi zai rubuta. Ka ce da sauƙi, ya rubuta da sauƙi, shi ke nan an gama da kai. Godiya ga Allah tana zuciyarka, ba ta hana ka gaya wa likita gaskiya. Ka ba shi labarin ranar da ciwon ya fi tsanani da sau nawa take zuwa a wata, ba labarin yau da ka sha magani ka yi wanka ka sa farar shadda ba. In ya ce ka sunkuya, ka tsaya daidai inda zafi ya fara ka faɗa masa, kada ka cije ka kai ƙasa don nuna jarumta. Kada kuma ka ƙara gishiri. Sun ga dubu irinka, kuma ƙari guda yana zubar da gaskiya goma. Ka rubuta abubuwan da kake son faɗa a 'yar takarda, in an yarda matarka ta shiga tare da kai.

In an ƙi

Ana ƙi, kuma ba ƙarshen magana ba ne. Ka karanta wasiƙar har ƙarshe, don a ciki ake faɗin abin da aka yarda da shi da abin da ya rasa. Hanyoyi uku ne tun sauyin dokar Fabrairu 2019. In kana da sabuwar hujja, fom 20-0995. In kana ganin hujjar ta isa, kuskure aka yi wajen karanta ta, fom 20-0996, wani babban ma'aikaci ya sake dubawa, amma ba a ƙara takarda. In kana son alƙali ya gani, fom 10182 zuwa hukumar ɗaukaka ƙara, wadda ta fi ɗaukar lokaci. Ka yi ɗaya daga ciki kafin shekara ta cika daga ranar da ke kan wasiƙar, don ranar farkonka ta tsira.

A wannan gaɓar ne masu cin goro ke fitowa, irin waɗanda muka saba gani a bakin ofisoshi, sai dai su a WhatsApp da Facebook suke, suna alkawarin ɗari bisa ɗari in za ka ba su kuɗin wata biyar. Wani ya taɓa neman lambar sirrin yayana wai zai "gyara" masa fayil. Ka sani, a dokar Amurka ba a cajin kuɗi don taimaka maka shigar da buƙatar farko. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin DAV da VFW da American Legion suna yi kyauta, kana naɗa su da fom 21-22. Lauya ko wakilin da VA ta tantance yana iya karɓar lada ne bayan an yanke hukuncin farko, yawanci kashi 20 cikin ɗari na bashin baya, kuma ana duba sunansa a jerin da ke shafin VA. Wanda sunansa ba ya nan, ka riƙe goronka.

Mai son kiran VA da kansa, layinta 800-827-1000 ne, Litinin zuwa Juma'a. Suna buɗewa ƙarfe 8 na safiyar Washington, wato 12 na rana a nan lokacin zafinsu, ƙarfe 1 lokacin sanyinsu.

In an amince

Kuɗin ta banki yake shiga, don haka in kana da asusu a Amurka kada ka bari ya mutu. Ka duba ranar da aka fara lissafi, ka gwada ta da ranar bayyana niyyarka.

Ka sa iyalinka da fom 21-686c, tun daga kaso 30 ake ƙara kuɗi saboda mata da 'ya'ya. Nan za a nemi takardar aure da ta haihuwa, kuma da yawanmu aurenmu a masallaci aka ɗaura, goro da dabino suka zama shaida, ba a kai ga rajista ba. Ka fara neman takardar tun yanzu, haka ta haihuwar yara daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ka tabbata rubutun sunaye ya zo ɗaya da na fasfo, don Mohammed da Muhammad da Mahamadu a idon kwamfuta mutum uku ne. Yaron da ya kai 18 yana makaranta ana ci gaba da lissafa shi har 23 da fom 21-674. Iyayen da kai ke ciyar da su ma suna da nasu fom, 21P-509.

Ka duba ko wasiƙar ta ce nakasar ta dindindin ce. In ta ce haka, matarka da 'ya'yanka suna iya samun tallafin karatu da inshorar lafiya ta CHAMPVA. In ba ta ce ba, ana iya sake kiranka gwaji nan gaba, don haka zuwa asibiti bai ƙare ba.

In Allah ya kawo sauƙi har ka ji kana son gwada aiki, ka gwada, ka kuma sanar da VA. Ƙa'idar ita ce ba a janye TDIU don kawai ka fara aiki, sai ka riƙe aikin kirki wata 12 a jere. In aka aiko maka fom 21-4140 ana tambayar ko kana aiki, ka cike ka mayar cikin wa'adin da aka rubuta, don shiru a kan wannan takarda yana iya sa a rage kuɗin.